Gardamar Da Ta Ƙi Mutuwa A Amurka: Shugaba Trump Ya Toshe Hanyar Shari'a Ko Bai Toshe Ba?

Daga Wakilinmu

Ran 18 ga watan Afrilu na shekarar 2019, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fito wa jama'a da wani rahoto mai shafi 448, wanda wani dattijon lauya, Mista Robert Mueller, ya rubuta bayan ya shafe wata 22 yana bincike a kan Shugaba Donald Trump da mutanensa. Kafin rana ta faɗi sai ga magoya bayan Shugaban suna ta murna suna cewa an wanke gwaninsu, su kuma 'yan hamayya suna cewa ai rahoton ya kama shi dumu-dumu. Takarda guda ce kowa ya karanta, amma har yau ba a daidaita a kan abin da ta ce ba.

Abin da ake gardama a kansa shi ne: ko Shugaban ƙasa ya yi amfani da ikonsa don ya hana binciken da ake yi masa? Wannan tambaya ba a taɓa kai ta gaban alƙali ba. Dalilin da ya sa ba a kai ta ba, shi ne ya kamata mai karatu ya lura da shi, domin ya shafi kowace ƙasa da ke bin tsarin mulkin Shugaban ƙasa mai cikakken iko.

ASALIN MAGANA

Tun ana cikin kamfe na zaɓen 2016 hukumar 'yan sandan ciki ta Amurka, watau FBI, ta soma binciken ko ƙasar Rasha ta sa hannu a zaɓen, kuma ko akwai wasu daga cikin mutanen Mista Trump da suka haɗa baki da ita. Bai daɗe da hawa mulki ba sai mai ba shi shawara kan tsaron ƙasa, Janar Michael Flynn, ya yi murabus ran 13 ga watan Fabrairu 2017, saboda ya ɓoye gaskiyar maganar da suka yi da jakadan Rasha. Shugaban FBI na lokacin, Mista James Comey, ya ce kashegari Shugaba Trump ya sallami kowa daga ofis ya bar shi shi kaɗai, sa'an nan ya nuna masa yana fata a ƙyale Janar Flynn. Shi dai Shugaban ya musa wannan magana.

Ran 2 ga watan Maris, Babban Lauyan Gwamnati kuma Ministan Shari'a, Mista Jeff Sessions, ya janye hannunsa daga binciken, tun da shi ma da shi aka yi kamfe. Wannan abu ya baƙanta wa Shugaban rai ƙwarai. Ran 9 ga watan Mayu kuma sai ya kori Mista Comey. Da fari fadar Shugaban ta ce an kore shi ne saboda yadda ya gudanar da binciken wasiƙun Madam Hillary Clinton, amma bayan kwana biyu Shugaban da bakinsa ya faɗa a talabijin cewa maganar Rasha tana ransa sa'ad da ya yanke shawarar.

Da abin ya yi tsamari, sai mataimakin Ministan Shari'a, Mista Rod Rosenstein, ya naɗa Mista Mueller mai bincike na musamman ran 17 ga watan Mayu. Mueller ba baƙo ba ne a wannan aiki, don shi ya shugabanci FBI daga 2001 zuwa 2013, kuma jam'iyyun biyu suna ganin mutuncinsa a lokacin. Kafin ya gama ya tuhumi mutum 34 da kamfani 3.

Rahoton kashi biyu ne. Kashi na farko ya tabbatar Rasha ta yi wa zaɓen shisshigi, amma ya ce ba a sami hujjar da ta isa a ce mutanen Mista Trump sun ƙulla makirci da gwamnatin Rasha ba. Kashi na biyu shi ne ya haifi gardama, domin a nan ne aka jera al'amura guda 10 da aka bincika don a ga ko Shugaban ya toshe hanyar shari'a.

MENE NE LAIFIN?

A dokar Amurka, kafin a kama mutum da laifin toshe hanyar shari'a sai an tabbatar da abu uku. Na ɗaya, ya aikata wani abu da zai iya hana bincike tafiya. Na biyu, abin yana da dangantaka da wata shari'a ko wani bincike da ake yi, ko wanda ya san za a yi. Na uku, da mugun nufi ya aikata.

Misali, a ce ana tuhumar wani attajiri da cin amana, sai ya kori akawunsa wanda zai ba da shaida. In ya kore shi ne don ba ya zuwa aiki, babu laifi. In kuwa ya kore shi ne don ya razana shi ya yi shiru, to ya faɗa hannun doka. Kora ɗaya ce, nufi ne ya bambanta. Shi kuwa nufi a zuci yake, sai dai a gane shi daga maganar mutum da take-takensa. Shi ya sa masu bincike suka so su zauna da Shugaban su yi masa tambayoyi baki da baki. Ya ƙi. A watan Nuwamba 2018 ya aika da amsoshi a rubuce, kuma amsoshin ba su taɓo maganar toshe shari'a ba.

Cikin al'amuran nan 10, waɗanda lauyoyi suka fi ɗauka da nauyi su ne waɗannan. Ran 17 ga watan Yuni 2017, Shugaban ya buga wa lauyan fadarsa, Mista Don McGahn, waya a gida, ya ce ya gaya wa Rosenstein a cire Mueller, wai don akwai tsohuwar tsama a tsakaninsu wadda za ta hana shi yin adalci. McGahn bai isar da saƙon ba, har ma ya soma haɗa kayansa da nufin barin aiki. Bayan kwana biyu Shugaban ya ba tsohon manajan kamfensa, Mista Corey Lewandowski, saƙo zuwa ga Sessions, cewa a taƙaita aikin Mueller ga zaɓuɓɓukan gaba kawai. Shi ma wannan saƙo bai isa ba. A farkon 2018 kuma, da jaridu suka tona maganar wayar McGahn, sai Shugaban ya matsa masa ya rubuta takarda ya ce ba a yi haka ba. McGahn ya ƙi, ya ce labarin gaskiya ne. Shugaban dai ya nace cewa bai taɓa cewa a kori kowa ba.

Rahoton ya lura cewa yawancin yunƙurin Shugaban bai ci nasara ba, kuma babban dalili shi ne na kusa da shi sun ƙi cika umurninsa.

ABIN DA YA HANA MUELLER YANKE HUKUNCI

Aikin mai gabatar da ƙara shi ne ya ce akwai tuhuma ko babu. Mueller bai faɗi ko ɗaya ba, ya kuwa ba da dalilinsa. Ma'aikatar Shari'a tana da wata tsohuwar ƙa'ida, wadda lauyoyinta suka rubuta a 1973 suka kuma sake jaddadawa a shekarar 2000, cewa ba a gurfanar da Shugaban ƙasa a kotu da laifi muddin yana kan kujera, domin hakan zai hana shi tafiyar da mulki. Mueller ma'aikacin wannan ma'aikata ne, ƙa'idar ta hau kansa. Sai ya ce tun da ba zai iya kai Shugaban kotu ba, ba adalci ba ne ya kira shi mai laifi alhali babu inda zai je ya kare kansa. Amma kuma ya ƙara da cewa da sun tabbata Shugaban ba shi da laifi da sun faɗa, kuma ba su iya faɗin haka ba. Watau dai bai ɗaure shi ba, bai kuma wanke shi ba.

Sabon Ministan Shari'a, Mista William Barr, shi ne ya cike wannan giɓi. Ran 22 ga watan Maris 2019 aka miƙa masa rahoton, ran 24 ya aika wa Majalisa wasiƙa mai shafi 4, ya ce shi da Rosenstein sun duba sun ga hujjar ba ta isa a ce an yi laifi ba. Kusan mako huɗu jama'a ba su da abin karantawa sai wannan wasiƙa. Mueller da kansa ya rubuta masa ran 27 ga watan Maris yana kuka cewa wasiƙar ba ta fito da ainihin abin da rahoton ya ƙunsa ba. 'Yan hamayya kuma suka tuna wa jama'a cewa tun a watan Yuni 2018, kafin a ba shi minista, Barr ya rubuta wata doguwar takarda yana sukar wannan bincike na toshe shari'a.

HUJJAR KOWANE ƁANGARE

Masu kare Shugaban suna da hujja uku. Ta farko, tsarin mulki ya ba shi ikon naɗa manyan ma'aikata da sauke su, saboda haka korar Comey, ko ma neman korar Mueller, ba za ta zama laifi ba. Ta biyu, tun da ba a sami makirci da Rasha ba, me zai ɓoye? Mutumin da aka ɗora wa laifin da bai yi ba, in ya yi fushi ya yi faɗa, ba mugun nufi ba ne, zafin rai ne. Ta uku, ai ba a hana binciken ba: Mueller ya gama aikinsa, fadar Shugaban ta ba da takardu, ta kuma bar ma'aikatanta suka ba da shaida, har shi McGahn ɗin ya yi kimanin awa 30 yana amsa tambayoyi.

Masu zarginsa su ma ba su rasa amsa ba. Suka ce ikon da doka ta ba mutum ba ya halatta masa ya yi amfani da shi don ceton kansa. Alƙali yana da ikon sallamar ƙara, amma in ya sallame ta don ta ɗan'uwansa ce, ya yi laifi. Suka ce ba dole sai an tabbatar da laifin asali ba kafin a kama mutum da toshe shari'a, domin in da haka ne, duk wanda ya iya ɓoye laifinsa sosai ya tsira ke nan. Rahoton ma ya faɗi haka, ya ce mutum yana iya hana bincike don gudun kunya ko don tsoron abin da za a gano a gefe. A ganinsu mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as. Game da cewa umurnin bai cika ba, suka ce yunƙuri kansa laifi ne a doka, kuma ƙin da McGahn ya yi yabo ne ga McGahn, bai wanke mai ba da umurni ba. A watan Mayu 2019, tsofaffin lauyoyin gwamnatin tarayya fiye da 1,000, waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin jam'iyyun biyu, suka sa hannu a wata takarda suna cewa da wani ne ba Shugaban ƙasa ba ya aikata haka, da an tuhume shi.

YADDA TA KASANCE DA NIXON DA CLINTON

Ba wannan ne karo na farko ba. Ran 17 ga watan Yuni 1972 aka kama mutum 5 sun fasa ofishin jam'iyyar Democrat a ginin Watergate da ke birnin Washington. Da aka gano suna da hulɗa da kwamitin kamfe na Shugaba Richard Nixon, sai aka naɗa Mista Archibald Cox mai bincike na musamman a watan Mayu 1973. A watan Yuli aka ji cewa akwai na'urar ɗaukar magana a ofishin Shugaban. Cox ya nemi kaset ɗin, Nixon ya ƙi. Ran Asabar 20 ga watan Oktoba da dare Nixon ya ba da umurni a kori Cox. Ministan Shari'a, Mista Elliot Richardson, ya ƙi ya ajiye aiki; mataimakinsa, Mista William Ruckelshaus, shi ma haka; sai na uku a ma'aikatar, Mista Robert Bork, ya zartar.

Korar ba ta yi wa Nixon rana ba. Jama'a suka tasam masa har aka naɗa Mista Leon Jaworski a madadin Cox. Ran 24 ga watan Yuli 1974 Kotun Ƙoli, alƙalai 8 baki ɗaya, ta ce dole ya miƙa kaset. Ran 27 ga wata kwamitin shari'a na Majalisar Wakilai ya amince da tuhumar toshe shari'a da ƙuri'a 27 a kan 11, kuma 6 daga cikin masu amincewa 'yan jam'iyyarsa ta Republican ne. Ran 5 ga watan Agusta aka fito da maganar da aka ɗauka ran 23 ga watan Yuni 1972, inda Nixon ya yarda a sa hukumar leƙen asiri ta CIA ta tsayar da FBI da sunan tsaron ƙasa. Nan gardamar nufi ta ƙare, don ga maganarsa da bakinsa. Dattawan jam'iyyarsa, cikinsu har da Sanata Barry Goldwater, suka je suka gaya masa masu goyon bayansa a Majalisar Dattawa 'yan kaɗan ne suka rage. Ran 9 ga watan Agusta ya sauka. Bayan wata guda magajinsa, Shugaba Gerald Ford, ya yi masa afuwa, saboda haka shi ma bai tsaya gaban alƙali ba.

Shi kuwa Shugaba Bill Clinton, bayan binciken Mista Kenneth Starr, Majalisar Wakilai ta tuhume shi ran 19 ga watan Disamba 1998 da yin ƙarya bayan rantsuwa da kuma toshe shari'a. Da aka je Majalisar Dattawa ran 12 ga watan Fabrairu 1999, ƙuri'ar toshe shari'a ta tashi 50 da 50, alhali ana bukatar 67 kafin a tsige shi. Babu Sanatan jam'iyyarsa ko ɗaya da ya juya masa baya, ya ƙarasa mulkinsa.

In mai karatu ya haɗa waɗannan labarai zai ga abu guda. Mai bincike yana tara hujja ne kawai. Masu yanke hukunci na ƙarshe 'yan Majalisa ne, su kuwa 'yan siyasa ne. Nixon ya faɗi ne domin hujja ta fito fili har mutanensa suka kasa kare shi. Clinton ya tsira domin nasa sun tsaya masa.

INDA AKA KWANA

Rahoton Mueller ya nuna cewa Majalisa tana da hanyar da za ta bi, ya kuma ce kariyar Shugaban ƙasa tana ƙarewa ran da ya bar mulki. To, a 2019 jam'iyyar Democrat ce ke da rinjaye a Majalisar Wakilai, amma Republican tana da kujera 53 cikin 100 a Majalisar Dattawa. Kakakin Majalisar Wakilai, Madam Nancy Pelosi, ta yi ta jan ƙafa, don ta san ƙuri'a 67 ba za ta samu ba. Mueller ya bayyana gaban Majalisa ran 24 ga watan Yuli, bai ƙara kome a kan abin da ya rubuta ba. Fadar Shugaban ta hana McGahn zuwa, aka yi ta shari'a a kai, bai ba da shaida ba sai a watan Yuni 2021, bayan an canja gwamnati.

An tuhumi Shugaba Trump a Majalisar Wakilai ran 18 ga watan Disamba 2019, amma a kan wata magana dabam ce da ta shafi ƙasar Yukren, kuma Majalisar Dattawa ta sallame shi ran 5 ga watan Fabrairu 2020. Kafin ƙarshen wannan shekara ya yi wa Janar Flynn afuwa, haka kuma Mista Paul Manafort da Mista Roger Stone, waɗanda duk binciken Mueller ya kama. Da ya bar mulki a watan Janairu 2021, babu wanda ya kai shi ƙara a kan al'amuran nan 10.

Daɗa sai ran 1 ga watan Yuli 2024, a wata shari'a dabam da ta taso daga rikicin zaɓen 2020, Kotun Ƙoli da alƙalai 6 a kan 3 ta yanke cewa tsohon Shugaban ƙasa yana da kariya a kan ayyukan da ya yi da sunan ofis. Ta ce maganganunsa da jami'an Ma'aikatar Shari'a ba a tuhumarsa a kansu sam, kuma wajen rarrabe aikin ofis da na ƙashin kai, kotu ba za ta tono nufinsa ba. Alƙalan da suka rinjaya sun ce in ba haka ba kowace sabuwar gwamnati za ta riƙa farautar wadda ta gada, kuma Shugaba zai riƙa mulki da tsoro. Alƙalai 3 da suka ƙi yarda sun ce an ɗora Shugaba a bisa doka ke nan. Ko wanne ya fi gaskiya, wannan hukunci ya raunana sharaɗi na uku da muka ambata a sama, watau nufi, wanda a kansa dukan gardamar ta rataya. Mista Trump ya sake cin zaɓe a watan Nuwamba 2024, ya koma fada ran 20 ga watan Janairu 2025.

ABIN DA YA SHAFE MU

Daga Amurka Nijeriya ta aro tsarin Shugaban ƙasa mai cikakken iko a 1979, tare da wannan matsala tasa. A can kariyar Shugaba mai ci ƙa'ida ce ta ma'aikata, a nan kuwa rubuce take a sashe na 308 na tsarin mulkin 1999, kuma ta haɗa da mataimakinsa da gwamnoni da mataimakansu. A 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya kai Sufeto Janar na 'yan sanda, Kotun Ƙoli ta ce ana iya bincikar masu wannan kariya, gurfanar da su ne ba a yi sai sun sauka. Hanyar da ta rage ita ce tsigewa, ita kuwa lissafin kujeru ce. Mutanen Jihar Kaduna sun ga haka ran 23 ga watan Yuni 1981, sa'ad da Majalisar Dokoki mai rinjayen NPN ta tsige Gwamna Balarabe Musa na PRP. Wanda ba shi da rinjaye yana iya faɗuwa ko da hujjar ba ta gamsar da kowa ba, mai rinjaye kuma yana iya tsira ko da hujja ta kai tudu.

Saboda haka in an tambaya ko Shugaba Trump ya toshe hanyar shari'a, amsar da ke hannu ita ce an tara hujja mai nauyi, an kuma kawo kariya mai nauyi, amma ba a taɓa auna su a kotu ba. Abin da ya tabbata shi ne binciken ya kai ƙarshe domin wani lauya ya ji umurnin maigidansa ya ƙi bi, kamar yadda Richardson da Ruckelshaus suka ƙi a 1973. Inda doka ta kasa kai hannu, abin da ya rage shi ne ma'aikacin da zai iya cewa a'a, da ɗan Majalisar da zai iya duban hujja ko da ta taɓa ɗan jam'iyyarsa. Su kuwa 'yan Majalisar, masu jefa ƙuri'a ne ke tura su can.